Rigakafi Biyu, Ɗakin Kaji Ɗaya

Ƙwai ne ya fara gaya mana. Da safe matar Dogo ta kawo mini guda a tafin hannunta, ɓawonsa duk ya yamutse kamar fatar gwiwar hannuna, ta ce, "Inna, dubi wannan." Na fasa shi a kwano, farin ya zube kamar ruwan famfo, ko yauƙi babu. Ba a jima ba kajin suka fara tari. In ba ka taɓa jin ɗaki cike da kaji suna tari ba, kada ka so ka ji. Wani kurkur ne a maƙogwaro, ido na ruwa, abinci a gabansu suna kallonsa. Daga nan sai mutuwa, har ta kai da baro ake fitar da su.

Ɗakin kajin a bayan gidanmu yake, mahaifin yaran ne ya gina shi, kwano a sama, ragar waya a gefe saboda iska. Da ya rasu 'ya'yana maza biyu suka gaje shi, Dogo babban, da Auta. Ba su daɗe suna aiki tare ba suka ɓata. Dogo mutum ne da sai ya auna dusa ya sake aunawa kafin ya zuba. Auta kuwa yana zubawa yana waya. Sai suka raba ɗakin biyu, kowa ya fasa ƙofarsa. Bango suka so su ja a tsakiya, magini ya ce zai toshe iska, sai suka ja ragar waya daga ƙasa har rufi. Kajin wannan suna zura baki ta raga suna gaisawa da na wancan, masu su kuwa ba sa yi.

Ranar da mutuwar ta yi yawa, na ji hayaniya a bakin famfo. Na fito na samu Dogo ya shaƙe wuyan rigar ƙanensa.

"Daga ɓangarenka aka fara tari," in ji Dogo.

"A naka aka fara mutuwa, Yaya. Sakar mini riga."

Matansu na tsaye, maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Na ce, "Sake shi. Za a kira likita ta duba. Wanda aka samu shi ya kawo ciwon nan, ya kwashe kayansa ya bar wa ɗan'uwansa ɗakin. Na faɗa a gaban matanku."

Duk su biyun suka ce sun yarda, da sauri kuma, kowa ya tabbata ɗan'uwansa ne zai fita.

Ban koma ɗaki ba na san na zari bunun da ba zai koma ba. Gidanmu ba shi da wata sana'a sai kajin nan. Wanda ya bar ɗakin kaji ya bar gidan ke nan, da matarsa da jikokina. Amma ni an san ni da abu ɗaya: ba na manta wanda ya yi mini, ba na manta wanda na yi wa. Wadda ta zo duba ni sanda na karye, na je nata jinyar. Wanda ya ari tsaninmu ya dawo da shi da mataki a karye, har yau in ya gaishe ni tsanin nake gani. Kowace ɓarna tana da mai ita, haka na tashi na sani. In na janye wannan maganar, gobe ko jikana ba zai ji tawa ba.

Likitar ta zo da takalmin roba har gwiwa. Mace ce mai ɗan jiki, ba ta da yawan magana. Ta kama kaji a nan, ta kama a can, tana zura musu tsinke mai auduga a maƙogwaro tana sakawa a 'yan kwalabe. Sannan ta tambaya ko an yi rigakafi.

Auta ya ce ya yi, a ruwan sha ya zuba musu. Ya ɗauko kwalbar da ta ƙare, mai jan murfi.

Dogo ma ya ce ya yi. Tasa kwalbar mai koren murfi ce.

Likita ta juya su a hannunta. "Ba iri ɗaya ba ne. Me ya sa?"

Dogo ya gyara tsayuwa. Ashe kwalbar Auta ya gani a bola, washegari ya tsallake shagon da ke kusa, ya tafi can wani shago a ƙarshen gari, ya ce a ba shi kowane iri ne amma ban da mai jan murfi.

"Ni in kwaikwayi ƙanena?" in ji shi. "Ni na koya masa riƙe kaza."

Likita ta juya ta bar su. Ta je ta tsaya a jikin ragar tsakiya, ta zura yatsanta ya fita ta ɗaya gefen, ta daɗe tana kallon yatsan. Ta sa kwalaben biyu a jakarta ta tafi.

Jiran ya daɗe. Kullum da safe Dogo ya zo gaishe ni ya zauna ya ƙi tashi, sai ya ji takun Auta sannan ya miƙe. Ni kuwa a raina na riga na yanke cewa Auta ne. Yaron da zai bar kwalbar magani a mota rana na dukanta ya tafi hira. Ina kallonsa yana durƙushe yana gaishe ni, ina tunanin yadda ɗakinsa zai yi in an kwashe kaya.

Ranar da ta kira, muka tafi mu uku, ina gaban motar haya, su suna baya kowa ya manne da tagarsa. Ofishinta ɗan ƙarami ne, fanka na juyawa tana ƙara, firij a lungu, buhunan magani jingine da bango. Kujerar roba biyu ce kawai, na zauna, Dogo ya zauna, Auta ya tsaya a baya. Ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Layi uku ne a kwance: na sama ja, na tsakiya kore, na ƙasa kuwa ya fara da ja, ya koma kore, ya sake komawa ja, da 'yan ɗige-ɗige baƙi a warwatse.

"Jan nan na kwalbar Auta ne," in ji ta. "Koren na Dogo. Na ƙasan shi muka samu a maƙogwaron kajin, a ɓangaren biyu duka."

Na ce, "'Yar nan, ni ban zo kallon zane ba. Wa ya kawo ciwon?"

"Bari in fara daga farko, Inna. Kin san abin da ke cikin kwalbar rigakafin?"

"Magani."

"Irin wannan ba magani ba ne. Ƙwayar ciwon ce da kanta, da ranta, sai dai an gurgunta ta. Ana ba kaza gurguwar, jikinta ya koyi kokawa da ita, in mai ƙarfin ta zo ya riga ya san ta."

Na juya na dubi Auta, na dubi Dogo. "Wato da ƙafafunku kuka je kuka ɗauko ciwon, kuka zuba a ruwa."

"Haka ake yi a ko'ina," in ji likita. "Kowanne a cikinsu shi kaɗai lafiya lau ne. Da ja kaɗai aka ba duk ɗakin, ko kore kaɗai, da wuya mu zauna a nan."

"To gurgu ne ya kashe mini kaji?"

"Ɗan da guragun biyu suka haifa ne."

Na ce na san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ban taɓa jin gurguwa ta haifi barewa ba. Auta ya yi dariya a bayana, Dogo ya harare shi.

Likita ta cire sarƙar duwatsu daga wuyanta ta shimfiɗa a tebur. Ta ce ƙwayar irin wannan, ta kira wasu haruffa uku da ban riƙe ba, ba ta haihuwa kamar dabba. In ta shiga jikin kaza, kwafar kanta take yi. Kamar mace ce ta ajiye sarƙa a gabanta tana kallo tana jera wata irinta, dutse bayan dutse. Ta gama ta sake wata, haka har su cika maƙogwaro.

"Amma hannun da ke jerawar mai gaggawa ne. Wani lokaci inda ya kamata ya sa fari sai ya sa baƙi. Ɗige-ɗigen nan da kike gani, kurakuran kwafi ne."

Dogo ya buga cinyarsa. "Kin ji ko, Inna? Gaggawa. Kin dai san mai gaggawa a gidanmu."

"Ba ta mutum nake faɗa ba," in ji likita. "Wanda ke cikin kwalbarka ma haka hannunsa yake."

"Nawa a firij na ajiye shi."

"Firij ba ya koya masa natsuwa."

Ta ci gaba. Ta ciro igiyar makullinta ta kwantar kusa da sarƙar. Ta ce in sarƙa biyu suka haɗu a gaban mai jerawa, wato ja da kore suka shiga kaza ɗaya a lokaci ɗaya, tana cikin kallon wannan sai idonta ya zame ya faɗa kan waccan, ta ci gaba daga nan ba ta ma sani ba. Sai a samu sarƙa rabi wannan rabi waccan. Ja an gurgunta shi a wani wuri, kore a wani wurin daban. Da alama wannan da ya fito ya ɗauki lafiyayyen yankin kowanne, ya bar gurguntar a baya.

"Ba kasafai yake faruwa ba," ta ce. "Amma kun ba shi ɗaki guda da raga a tsakiya, kajin suna atishawa a fuskar juna."

Na juya abin a raina. Fanka na ta ƙara. Na ce, "To tsaya. Kuskuren ne ya kashe su, ko zamewar idon?"

"Hannu ɗaya ne ke yin duka biyun."

"Ban tambaye ki hannu ba."

Ta yi murmushi, ba na raini ba. Ta ce masu bincike sun daɗe a kan wannan tambayar. A wasu ƙwayoyin da aka gwada, da aka samu mai hannu a natse, kuskurensa ya ragu, zamewar ma ta ragu tare da shi. A wasu kuma an rage ɗaya, ɗayan yana nan yadda yake. Ba a gama sani ba.

"To su yi rigakafin da mai natsuwar mana, kowa ya huta."

"Ana ƙoƙari. Amma ita ƙwayar ba ta son natsuwa da yawa. In tana kuskure ba ta zamewa, kurakuran taruwa suke yi a kan 'ya'ya da jikoki har zuri'ar ta lalace. Zamewar ce ke ba ta damar yar da yankin da ya ɓaci, ta ɗauki mai kyau a wurin 'yar'uwarta."

"Wato kuskure ɗaya ne yake wanke ɗayan."

"Kusan haka."

"Kuma duk abu ɗaya ne."

"Ba abu ɗaya ba ne. Hannun ne ɗaya."

Na dafe kai. Na haifi 'ya'ya, na binne miji, na raba faɗan da alƙali ya gaji da shi, amma ban taɓa zama a gaban ɓarna ina neman mai ita ana ce mini hannu ba.

Dogo ya matso da kujerarsa ya sa yatsa a kan layin ƙasa. "Likita, bar mu da dogon bayani. Ja ya fi yawa ko bai fi ba?"

"Ya fi."

"Shi ke nan."

"Yankin da ya ba shi ƙarfin fa?" in ji Auta. "Ba koren ba ne a tsakiya?"

"Zai iya zama," in ji likita. "Ban da koren, ja gurgu ne. Ban da jan, koren ma gurgu ne."

"Wa ya fara zamewa ya shiga na wani?" in ji Dogo.

"Da bai samu naka a wurin ba, ina zai zame ya faɗa?" in ji Auta.

Suka fara magana a tare, kowa na nuna allon. Likita ta bar su suka gaji, sannan ta ce akwai abin da ya fi wannan, kuma gara su ji tun yanzu. Kajin da suka rage suna ɗauke da abin ko sun warke, ƙwansu kuma da wuya ya dawo yadda yake. Shawararta a fitar da su duka. A kankare kashin da ke ƙasa har a ga siminti, a ƙone buntun da aka shimfiɗa musu, a wanke bango da rufi da mazubin ruwa da magani, a bar ɗakin a rufe ba kaza ko ɗaya na wani lokaci. Sannan a fara da 'yan tsaki, su kuma sai an yi watanni ana ciyar da su kafin a ga ƙwai.

Na ji Auta ya sauya ƙafa a bayana.

"Inna," ya ce, murya a ƙasa, "gaskiya ɗaya ce. Ja ya fi yawa, kowa ya gani. Ni na fara zuba nawa. Na yarda ni ne, zan bar wa Yaya ɗakin."

Abin da nake tsoro tun daga gida ke nan. Na buɗe baki, sai Dogo ya riga ni.

"A'a. Ba za a zalunce ka ina zaune ba. Kai ka zuba naka lafiya lau, ni na je na ɗauko wani iri na kawo a kai. Ba ka ji likita ba? Koren ne ya ba shi ƙafa."

"Cewa ta yi zai iya zama."

"Ni ne babba, laifin a kaina yake."

"Yaushe ka fara ɗaukar laifi, Yaya? Tun muna yara ko tulu ka fasa ni ake duka."

"To yau na ɗauka."

Na dubi wannan, na dubi wancan. Da farko har idona ya kawo ruwa, na ce ashe akwai zumunci a ƙarƙashin abin. Sai na lura ba wanda ke kallon ɗan'uwansa a cikinsu, duk ƙofa suke kallo.

Na ce, "Auta, in ka fita ina za ka?"

Ya sosa ƙeya. Wai yayan matarsa ya daɗe yana ce masa ya zo ya karɓi babbar mota, suna dogon zango.

"Kai fa, Dogo?"

Ya yi gyaran murya. Wai masu kamfanin abincin kaji suna neman mai kula da sito a wani gari, sun yi masa magana, bai dai ba su amsa ba. Ranar na fara ji.

Na fito daga gida ina tsoron rasa ɗa ɗaya, ga shi ina zaune a kujerar roba zan rasa biyu. Sanda ɗakin ke cike da kaji kowa so yake ya zama nasa. Yanzu da ya zama kashi da wanki da watannin jira, kowa ya ga laifinsa sarai. Laifi tudu ne aka ce, ka taka naka ka hango na wani. Nawa 'ya'yan sai ga su suna rige-rigen hawa nasu.

Na juya wurin likita. "'Yar nan, zan tambaye ki, ki ba ni amsa gajera, kaina ya cika. Wannan na ƙasan, mai ja da kore, yana cikin kwalbar Auta?"

"Babu."

"Yana cikin ta Dogo?"

"Babu."

"To a ina ya fara zama?"

"A jikin wata kaza, a ɗakinku."

"Ta wane ɓangare?"

"Wannan ba wanda zai iya gaya miki."

"Ko da wannan kwamfutar?"

"Ko da ita."

Na jawo mayafina na miƙe, gwiwa na ƙara. Na ce, "Abin da na faɗa a gaban matanku, wanda aka samu shi zai fita. An duba, ba a samu kowa ba. Ba mai fita."

"Inna, ai ni na amsa da bakina," in ji Auta.

"Shi ma ya amsa. In ɓarawo biyu suka zo kowa na cewa shi kaɗai ya saci akuyar, ba na yarda da ko ɗaya. Da aka ce likita za ta duba kun ce kun yarda. Ta duba."

Dogo ya ce, "To asarar fa, a kan wa take?"

Nan ya taɓa ni inda yake ciwo, don tambayar da ke cina ke nan tun da na zauna. Na dubi layin nan na ƙasa ko zai ce mini wani abu. Ja, kore, ja, da ɗige-ɗige. Na ce, "Ban sani ba. In na sani zan gaya muku. Kafin nan ba wanda zai bar mini gida da ita a ƙasa."

Likita tana mayar da sarƙarta wuya ta ce in za su sake zubawa, iri ɗaya za su saya, su ba duk ɗakin rana ɗaya. Dogo ya ce ban da ja. Auta ya ce ban da kore. Ta ce akwai mai shuɗin murfi. Ba wanda ya amsa, ba kuma wanda ya ƙi.

Washegari da hantsi na sa aka kai mini kujera bakin ɗakin kajin. An riga an kwashe kajin. Dogo yana ɓangarensa ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana kankara a layi a layi kamar mai shirin shuka. Auta yana nasa yana kankarar nan ya tsallaka can, wayarsa na ta kuka a aljihu, na san yayan matarsa ne. Da ya cika baro sai ya ga ƙofarsa ta yi nisa da inda ake ƙonawa, ta Dogo ce kusa. Ya tsaya yana kallon hanyar, sannan ya zagaya ta tasa.

Da ya dawo ya tsaya a gabana, gumi na zuba, ya ce, "Inna, tsakaninki da Allah, kin gane abin da likitar nan ta faɗa?"

Na ce, "Ban gane ba. Ka bar wuri a lungun can, koma ka kankare."